Gargare Mai Huji Arba'in

Rumfata tana Kakuri a Kaduna, a bakin hanyar da ma'aikatan masaƙa suke bi a da. Na haura shekara talatin ina gyaran keke a wurin. Lokacin da na fara, idan aka tashi daga aiki kekuna ne ke cika titin har mota ta rasa wurin ratsawa, kuma kusan duk iri ɗaya ne: baƙin keke babba, mai birkin ƙarfe da kariyar ɗora kaya a baya. Masaƙun sun rufe. Yanzu abin da ake kawo mini yawanci kekunan yara ne da na gwanjo, kowanne da girmansa, kowanne da irin kayansa. Manyan kekunan nan sun rage a hannun tsofaffi da manoma, kayan gyaransu kuma kullum ƙara wuyar samu suke yi.

Ina da ƙa'ida uku idan zan fita sarin kaya. Ta farko, ba na barin rumfa sai na rubuta abin da nake nema a takarda. Ta biyu, ina tafiya da samfurin abin a aljihu, domin ido yana ruɗin mutum. Ta uku, ina duba kaya ɗaya bayan ɗaya da hannuna kafin in ɗauka. Ban yi nisa a makaranta ba, amma waɗannan ukun sun riƙe ni. Akwai lokacin da na saki ta ukun, kuma wani ne ya ji a jikinsa, ba ni ba.

Wani dattijo ne, mutumin kudancin jihar nan, wanda ya yi aiki a masaƙa har aka rufe ta. Baba nake ce masa. Da aikin ya ƙare sai ya koma Kakau, kan hanyar Abuja, ya kama noma. Matarsa ta rasu, 'ya'yansa sun watsu, shi kaɗai yake zaune. Gonarsa tana da nisa da gida, cocinsu ma haka, gwiwoyinsa kuma ba sa ɗaukar doguwar tafiya a ƙasa. A kan keke kuwa sai ka ce saurayi. Da keken nan ya yi zaman masaƙa, kuma tun daga lokacin ba mai taɓa shi sai ni.

Ranar wata Litinin, ana gab da girbin masara, aka sauke su daga bayan a-kori-kura a gaban rumfata, shi da keken. Goshinsa da filasta. Ƙafar keken ta baya ta lanƙwashe kamar an zauna a kan faranti.

"Malam, mun faɗi," in ji shi. "Ni an shafa mini man zafi na miƙe. Shi kuwa ya ce sai an kawo shi wurinka."

"Me ka ɗora masa, Baba?"

"Ɗan buhu ne kawai."

"Ɗan buhu ko buhu?"

"Kai Malam, da ka yi boko da alƙali ka zama. Buhu ne. Rami ne ya tare mu."

Na kifa keken, na cire taya. Gargaren, wato zoben ƙarfen da taya ke zama a kansa, tsatsa ta cinye shi daga ciki har ya tsage. Na gaya masa wannan ya wuce gyara, sai sabo.

Sai ya zauna a benci ya cire hula. Ashe maƙwabcinsa ya riga ya buga wa babban ɗansa waya a Abuja. Da ma 'ya'yan sun daɗe suna son ɗauke shi daga Kakau, yana ƙi. Wannan karon sun haɗa baki. Babban zai zo ranar Asabar da mota. Bayan doguwar jayayya suka tsaya a kan magana ɗaya: idan mai gyara ya ce keken lafiya yake, za a bar Baba a gidansa da gonarsa. Idan ba haka ba, ya haɗa kayansa a ranar.

"Ni na ce su tambaye ka," in ji Baba. "Yaron ya san ka tun ina kawo shi a kan kariyar nan. Ya san ba ka cewa an gyara abin da ba a gyara ba. Kada ka ba ni kunya, Malam. Idan suka kai ni can, a bene za su ajiye ni kamar tukunyar fure."

Na ce ya zo da safiyar Asabar, zai tarar da kekensa a tsaye.

Ranar Talata na tsallaka gada zuwa babbar kasuwa, wurin wani ɗan kasuwa Ibo da nake sayen kaca da tayoyi a hannunsa. Na ce ina neman gargaren baya na babban keke. Ya dube ni ya yi dariya, ya ce wannan kaya ya daɗe da mutuwa a Kaduna, sai dai Kano. Na bi sauran shagunan layin ɗaya bayan ɗaya, domin ba na yarda da bakin mutum ɗaya. Duk maganar ɗaya ce.

Ranar Laraba na tafi Panteka, wurin masu tsofaffin ƙarafa. Na wuni ina ɗaga ƙarfe ina ajiyewa a cikin rana. Na samu gargare biyu irin wanda nake nema. Ɗaya ya lanƙwashe, ɗayan kuma da na danna shi da babban yatsa sai tsatsa ta zubo kamar gari. Na dawo da ciwon baya da baƙin hannu.

Ya rage Kano. Da ma kayan rumfa sun yi ƙasa, sai na zauna na rubuta takardata: gargare, sifok, boris, robar birki, faci. Sifok su ne siraran ƙarafan nan da ke haɗa gargare da cibiyar ƙafa, wadda muke kira hob. Gargaren Baba ya yi girma a ce na ɗauka a matsayin samfur, don haka na zare sifok ɗaya daga jikinsa na sa a aljihu.

Ranar Alhamis bayan sallar asuba na bar gidana a Makera, na shiga napep zuwa tashar Kawo. Muka jira mota ta cika. A da ina yin tafiyar nan ba na jin komai. A ranar, kafin mu wuce Zariya ƙafata ta dama ta mutu, domin mu huɗu aka cusa a kujerar mutum uku.

A kasuwar Sabon Gari akwai wani Alhaji da nake sari a wurinsa tun ina da baƙin gashi. Shi Bakano ne, ni kuma iyayena mutanen Zazzau ne, don haka ba ma gaisawa sai da tsokana.

"A'a, Bazazzagi! An sako ku ke nan? Me aka zo roƙa yau?"

"Alhaji, mun zo duba bayinmu ne, mu ga ko suna cin abinci."

"Zauna kafin ka faɗi. Har yanzu kuna hawan kakannin kekuna a Kadunan?"

Ya sa aka kawo mini ruwa mai sanyi da ɗanwake. Muka yi zancen iyali, da ciwon ƙafarsa, da waɗanda suka rasu a layin tun zuwana na ƙarshe. Sannan na miƙa masa takardata. Ya ce gargaren babban keke akwai, amma ɗauri biyu kacal suka rage masa, kuma na san ba ya fasa ɗauri. Goma ne a ciki. Na ce a kawo ɗaya. Na fito da sifok ɗin Baba, aka gwada da nasu, tsawo ya yi kusa.

Aka fito da ɗaurin, an naɗe shi da takarda da leda tun daga kamfani, an ɗaure da igiya. A nan ne ƙa'idata ta uku take tsayawa. A shagon Alhaji baƙo ne ake kwance wa ɗauri a gabansa. Tsohon abokin ciniki ba ya kwancewa. Ba wanda ya taɓa faɗa, amma kowa ya sani: idan ka ci abincin mutum, ka yi shekaru kana ɗaukar kaya a hannunsa, sannan ka tsuguna kana yage leda a gaban maƙwabtansa, ka ce masa ba ka yarda da shi ba ke nan. Duk da haka hannuna ya kai kan igiyar, don sabo. Alhaji ya gani.

"Ko za ka kwance ne, Bazazzagi? Kwance mana, ko duwatsu muka zuba maka."

Mutanen shagon suka yi dariya. Na janye hannuna na ce, "Haba Alhaji, ƙarfin igiyar nake dubawa." Ta wata 'yar yagewa a ledar na hango ƙarfe fari tas, mai kauri. Na auna faɗinsa da ido, ya yi daidai. Na ce a kai mota.

Na iso Kakuri ana kiran magariba, bayan rigima da direba a kan kaya, da wata rigimar da mai napep da ya ce gargaren zai yaga masa kujera. Na tura ɗaurin cikin rumfa na kulle, ban kwance ba.

Da safiyar Juma'a na share wuri, na shimfiɗa buhu, na jera sifok a gefe, na wanke hob ɗin Baba da kananzir. Saƙa ƙafar keke aiki ne mai tsari. Ka sa sifok ɗaya, ka tsallake huji uku a gargare, ka sa na gaba, haka har ka zagayo inda ka fara. A tsofaffin manyan kekuna ƙafar baya huji arba'in ce, domin ita ke ɗaukar kaya. Haka na koya, haka na yi ta yi, ban taɓa ƙirgawa ba tun ina koyo.

Na zagayo, sai sifok ɗaya ya rage a hannuna ba shi da wurin shiga. Na ɗauka ni na yi kuskure. Na warware na sake, ya sake ragewa. Sai na ɗora yatsa a hujin farko na fara ƙirga. Talatin da shida. Na jawo na biyu, talatin da shida. Na ƙirga duka goman, ko da yake tun a na uku na san abin da zan tarar.

Na buga wa Alhaji waya.

"Ai an daina mai arba'in tuni," in ji shi. "Gaba da baya duk talatin da shida suke yi yanzu. Wallahi na ɗauka ka sani. Da ka tambaya, ai da na haɗa maka da hob ɗinsa."

Bai cuce ni ba. Abin da na rubuta shi ya ba ni. Ya ce hob mai talatin da shida na babban keke yana wurin wani ƙanensa da ya yi tafiya a safiyar ranar da makullin sito, amma zai ba direba ya kawo mini ranar Litinin. Na yi godiya na kashe waya.

Na sake tsallaka gada kafin masallaci. Hob mai talatin da shida akwai shi a kasuwa, amma na kekunan zamani ne, ya fi faɗi. Kafin ya shiga sai an buɗa ƙarfen bayan keken da ƙarfi, na Baba kuwa an taɓa yi masa walda a daidai wurin. Idan na buɗa zai ɓalle. Na dawo hannu wofi.

Bayan sallar Juma'a na zauna na yi abin da nake zagin wasu masu gyara a kansa. Na saƙa gargare mai talatin da shida a kan hob mai arba'in. Na bar huji biyu a kowane gefen hob ɗin ba komai. Da yake tsarin ya karkace, wasu sifok suka yi tsawo na yanke, wasu suka yi gajarta har haƙora biyu ko uku kawai suka kama. Na yi ta ɗaurewa ina sassautawa har la'asar ta wuce, idona yana ruwa. A ƙarshe ƙafar ta miƙe. Idan ka juya ta ba ta ko girgiza. Amma na matsa sifok ɗin bibbiyu da yatsu, na ji wasu sun yi tauri kamar za su tsinke, wasu kuma suna motsi.

Baba ya riga ɗansa zuwa ranar Asabar. Ya sa rigarsa ta zuwa coci. Ya ga keken a tsaye da sabon gargare yana ƙyalli, ya tafa hannu. Ya ɗaga bayan ya murza feda, ya sunkuya yana kallo. Mutumin da ya yi shekaru a gaban injin saƙa ba a ɓoye masa zaren da ya tsallake.

"Malam, waɗannan hujin fa da ba kowa a ciki?"

Na gaya masa komai, daga Talata har Juma'a, ban rage ba. Na ce laifina ne, ban kwance ɗauri ba. Na ce ranar Litinin hob zai iso, Talata keken zai koma yadda ya kamata.

Ya sauke bayan keken ƙasa. Sannan ya matso kusa, ya rage murya.

"Kwana uku ne kawai. Idan ya tambaye ka, ka ce lafiya. Ni zan lallaɓa shi. Gobe coci kawai zan je."

"Litinin fa, Baba? Masara tana tsaye a gona."

"Zan jira."

"Ka taɓa jira?"

Ya kawar da kai. Mu biyun mun san amsar. Na ce masa ni ba zan fara ɗauko maganar ba, iyakar abin da zan iya ke nan.

Ɗan ya iso wajen ƙarfe goma, ya faka mota a gefen kwata. Ya yi ƙiba, furfura ta fara fito masa. Ya rusuna ya gaishe ni da hannu biyu, ya tambayi iyali da kasuwa. Baba bai jira an gama gaisuwa ba, ya haye keken, ya tafi har kwanar mai shayi ya dawo, yana kaɗa ƙararrawa, bayansa a miƙe.

"Ka gani? Ya fi motarka lafiya."

Ɗan ya yi murmushi. Ya zagaya keken, ya taɓa sirdi, ya matsa birki. Bai san abin da ake dubawa ba. Na ga kafaɗunsa sun sauka, kamar shi ma ba ya son rigimar ɗaukar uban. Ya riga ya juya zai buɗe mota, sai ya tsaya.

"Malam, tsakaninka da Allah. Idan mahaifinka ne, za ka bar shi ya hau keken nan a hanyar gona?"

Baba yana tsaye a bayansa, riƙe da kan keken, yana kallona.

Na ce, "Zan gaya maka abu uku. Na farko, gargaren sabo ne, mai kyau. Na biyu, bai dace da hob ɗin ba, ni na yi kuskure a wurin sari, dabara na yi na haɗa su. A kan kwalta, ba kaya, zai kai shi ya dawo da shi. Da buhu a baya, a hanyar rami, ba zan ce maka zai riƙe ba. Na uku, ranar Talata zan gama shi yadda babu abin tsoro. Ka bar Baba ya koma gida, keken ya zauna a wurina har Talata."

Ya shafa fuskarsa da tafin hannu.

"Malam, kwanakin baya kaca ce ta ɓaci. Kafin nan birki ne. Kullum akwai Talata. Na yi wa ƙannena alkawari yau za a yi ta ta ƙare, kuma kai da kanka ka ce bai riƙe ba. Idan na bar shi ba keke, aron na maƙwabci zai yi, wanda ya fi wannan lalacewa. Baba, mu je mu kwaso kaya."

Na ɗauka Baba zai yi faɗa. Bai yi ba. Ya tura keken cikin rumfa da kansa, ya kafa shi, ya cire 'yar jakar ledar da yake ɗaurewa a ƙarƙashin sirdi. Da zai wuce ta gabana ya tsaya.

"Da ka yi shiru, Malam."

"Tambayata ya yi, Baba."

"Na ji. Ai shi ya sa na ce su tambaye ka. Ni na jawo wa kaina."

Ya shiga gaban motar. Ɗan ya miƙa hannu ya ɗaura masa bel.

Hob ya iso ranar Litinin da yamma, kamar yadda Alhaji ya ce. Ranar Talata na warware dabarar da na yi, na saƙa ƙafar daga farko. Aikin bai kai awa biyu ba. Na ɗora buhun yashi a kariya na hau, na bi hanyar bayan masaƙa inda ramuka suka fi yawa, ko ƙara ba ta yi ba. Na buga wa ɗan waya na gaya masa. Ya yi godiya sosai, ya ce Baba yana hutawa, zai faɗa masa. Ya ce masarar ma an ba maƙwabci ya girbe.

Sai bayan wata biyu Baba ya kira ni da kansa. Da ƙyar na gane muryar. Ya tambayi kasuwa, na tambayi jiki. Ya ce ana kula da shi, abinci sau uku, har da likita. Ya ce gwiwoyin ne suka ƙara sandarewa tun da ya daina murza feda, yanzu sai da sanda yake kaiwa bakin ƙofa.

"An ce ka gama shi."

"Na gama, Baba. Yana nan yana jiranka."

"Ya riƙe?"

"Ya riƙe. Buhu biyu ma zai ɗauka."



"To, ka sayar da shi, Malam. Ko an kawo ni yau ba zan iya ɗaga ƙafa in hau ba. Amma kada ka ba wanda zai ajiye shi a zaure. Ka nemi mai aiki."

Na ce to. Na sayar da shi ga wani mai kai itace daga wajen Rido. Kafin ya tafi na tsayar da shi, na nuna masa wurin da aka yi walda, na ce kada ya bari wani ya buɗa shi a nan.